Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu: Kira Ga A Riƙa Rubuta Sawun Dawakin Sukuwa Da Hausa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce dokin mai baki ya fi gudu. A cikin aji, malamanmu kan kawo wannan karin magana a matsayin habaici ga mai cika baki, mu rubuta a littafi, mu amsa a jarrabawa, shi ke nan an wuce wurin. To amma duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen filin sukuwa, ko ya zauna a majalisar masu dawaki bayan an tashi, ya san cewa maganar ta wuce habaici, domin haka abin yake a zahiri. Idan aka tambayi wane doki ne ya fi kowane a bana, amsar tana wurin wanda muryarsa ta fi ƙarfi, ko wanda maroƙa suka fi yawa a bayansa. Wannan ya ce dokin ubangidansa ne, wancan ya ce ai an zalunce su a wurin tashi, a yi ta musu har dare ya raba.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in bayyana ra'ayina a kan abu guda. Babbar sukuwa ba ta yin adalci sai idan an san abin da kowane doki ya yi a ƙananan sukuwar da suka gabace ta, kuma ba a sanin wannan sai an rubuta shi. Ina kuma ganin cewa rubuta shi da Hausa, ta yadda ɗan barga da ɗan kallo za su iya karantawa, aiki ne da ya rataya a wuyanmu mu ɗaliban harshe.

Me Ya Kai Ɗan Zangon Kataf Barga?

Mai karatu yana da damar ya yi wannan tambaya. Ni mutumin ƙasar Katafawa ne, wato Atyap, kuma Hausa harshena na biyu ce. A kasuwa da makaranta na koye ta, sannan na zo jami'a ina nazarinta. Ƙasarmu ta kudancin Kaduna ba gidan doki ba ce. Ruwan sama yana da yawa, kurmi yana bin bakin rafuka, ƙudan tsando kuma yana sa wa dabbobi sammore, saboda haka doki baƙo ne a wurinmu. A tarihin kakanninmu ma, ƙarar kofato ba kasafai take zuwa da labarin alheri ba, domin a ƙarni na 19 mahaya ne kan zo karɓar haraji ko kawo hari. Abin hawan da ya raya Kafanchan shi ne jirgin ƙasa, tun da garin ya zama mahaɗar layin dogo a shekarun 1920. Yawancinmu a hawan salla na Sarkin Jama'a muka fara ganin dawaki da ado. Maƙwabtanmu na tsaunukan Filato, irin su Birom da Ganawuri, su ne aka sani da ƙananan dawakinsu, wato ƙuru, waɗanda suke hawa ko babu sirdi.

Wannan baƙunta ita ce hujjata. Wanda aka haifa a gidan sarauta a Katsina ko Zariya ya sha labarin dawaki tun yana goye, ba ya bukatar takarda. Amma wanda ya zo daga waje, ƙofa ɗaya yake da ita ta shiga kowane fanni, ita ce abin da aka rubuta. Wanda ya koyi harshe da taimakon littafi ya fi kowa sanin darajar ƙamus. Bugu da ƙari, sunan garinmu kansa yana da abin faɗa a wannan batu. Zango masaukin fatake ne. Madugu mai hankali ba ya ɗora wa dabbobin ayarinsa kaya daidai wa daida. Jaki mai ƙarfi a ƙara masa, mai rauni a rage masa, don ayari ya isa zango a tare kafin rana ta faɗi. Wannan dabara ta fatake ita ce ainihin irin sukuwar da zan yi magana a kanta.

Mece Ce Sukuwar Rabon Nauyi?

Turawa suna kiranta handikaf. Ni kuwa a nan zan kira ta sukuwar rabon nauyi. Ma'anarta ita ce, kafin a yi tsere, wani alƙali na musamman zai duba abin da kowane doki ya yi a baya, ya yanka masa nauyin da zai ɗauka. Gwanin doki ya ɗauki mai yawa, mai bi masa ya ɗauki ƙasa da haka. Nauyin ya haɗa da mahayi da sirdi, idan kuma bai cika ba sai a cike da guntayen dalma a cikin wani ƙyalle mai aljihu da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sirdi. Ana auna mahayi da kayansa a sikeli kafin ya hau, a sake auna shi bayan ya sauka, don kada wani ya zubar da dalmarsa a hanya.

Burin mai rabon nauyi shi ne duk dawakin su iso layi a lokaci guda. Abin sha'awa a nan shi ne, Hausa tana da sunan wannan buri tun tuni, kuma daga jikin dabbar ta ɗauko shi: kunnen doki. An taɓa ganin haka a babbar sukuwar birnin Durban ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 1897, ake kuma yin ta a farkon watan Yuli. A shekarar 1967 wani shahararren doki mai suna Sea Cottage ya yi kunnen doki da wani mai suna Jollify, alhali ya fi shi ɗaukar nauyi da kimanin kilo 12. Ga mai kallo da ido kawai, dawakin nan biyu ƙarfinsu ɗaya. Ga wanda ya ga takardar nauyi kuwa, ya san cewa tsakaninsu akwai tazara mai nisa.

Wannan tsari a Ingila ya nuna, kuma rubutu ne ya raine shi. Tun 1727 aka fara buga littafin shekara-shekara mai ɗauke da sakamakon sukuwar ƙasar. A 1791 aka fara fitar da littafin asalin dawaki, wanda ke nuna uban kowane doki da uwarsa. A tsakiyar ƙarni na 19 wani hafsan sojan ruwa mai suna Rous ya tsara jadawalin da ke nuna rangwamen nauyin da ya kamata a yi wa ƙaramin doki idan zai kara da wanda ya girme shi. Ko shakka babu, in da babu littafin farko, da na bayan ba su samu ba.

Yadda Ake Bin Sawu

Abin da doki ya yi a tserensa na baya, shi nake kira sawu, kamar yadda maharbi ke bin sawun dabba ya gane girmanta da inda ta dosa. Sawu ya ƙunshi nisan da aka yi, da yanayin ƙasa, da nauyin da aka ɗauka, da abokan karawa, da tazarar da aka bayar. Ana auna tazara da tsawon jikin doki, wanda ya kusa mita 2 da rabi. Masana harkar suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: a tseren mita 1,600, tsawon doki 1 yana daidai da kusan kilo 1. A gajeren tsere na mita 1,000 ya ɗara haka, a dogon tsere na mita 3,200 kuwa bai wuce rabin kilo ba, domin nauyi ya fi cin doki idan tafiya ta yi nisa.

Bari in kawo misali na ƙage don abin ya fito fili. A ɗauka akwai dawaki uku, Akawal da Kili da Bidi. A Zariya an yi tseren mita 1,600, Akawal da Kili kowanne ya ɗauki kilo 55, Akawal ya ba Kili tazarar tsawon doki 3. Wato ke nan Akawal ya fi Kili da kilo 3. Bayan mako biyu a Katsina, a nisa iri ɗaya, Kili ya ɗauki kilo 55, Bidi ya ɗauki kilo 57, Kili ya ci da tsawon doki 1. Mai baki zai tashi ya ce Bidi shi ne kashin baya, tun da wanda aka kayar ma ya kayar da shi. Amma mai bin sawu zai ce a'a. Bidi ya ɗauki ƙarin kilo 2, an kuma wuce shi da abin da bai fi kilo 1 ba, saboda haka shi ne ya fi Kili da kilo 1. Idan ranar babbar sukuwa ta zo, adalci shi ne Akawal ya ɗauki kilo 58, Bidi 56, Kili 55. Ka ga an auna Akawal da Bidi ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Wannan lissafi bai fi ƙarfin ɗan aji shida na firamare ba. Abin da yake bukata kawai shi ne a samu wanda ya rubuta lambobin a Zariya, da wanda ya rubuta a Katsina.

Share Fage Kafin Babbar Rana

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ya kuma ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasashen da suka riƙi sukuwa da muhimmanci sun mayar da waɗannan karin magana doka. Alal misali, a Ingila galibi sai doki ya yi tsere 3, ko ya ci wani daga ciki, kafin a ba shi lambar matsayi da za ta ba shi damar shiga sukuwar rabon nauyi.

Misali mafi shahara shi ne Kofin Melbon na ƙasar Ostireliya, wanda aka fara a 1861. Ana yin sa ranar Talatar farko ta watan Nuwamba, a nisan mita 3,200, kuma dawaki 24 kaɗai ake bari su shiga. Masu nema sun ninka haka, saboda haka ake tankaɗe da rairaya. Tun watan Satumba ake bayyana nauyin da aka yanka wa kowane doki. Daga nan sai idon jama'a ya koma kan tseren share fage na watan Oktoba, kamar Kofin Caulfield mai nisan mita 2,400, wanda duk dokin da ya ci shi ya samu gurbi kai tsaye. Dokin da ya ci wani babban tseren rabon nauyi bayan an fitar da jerin, ana iya ƙara masa nauyi. Ta haka ne mutanen ƙasar ke shafe makonni suna muhawara, amma muhawara ce mai hujja, kowa da takardarsa a hannu. Kafin ranar ta zo, talaka da mai kuɗi sun san dalilin da ya sa wannan doki ya shiga, wancan bai shiga ba.

Ina Muka Kwana?

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya shahara da son sukuwa, kuma shi ya kafa wasan ƙwallon dawaki a Katsina bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1921. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981, ya kai matsayin lamba 7 a wannan wasa, inda lamba 10 ce ƙarshen gwaninta. A ƙwallon dawaki ana tara lambobin 'yan wasan kowane ɓangare, a ba masu rauni rarar ƙwallaye tun kafin a fara. Ke nan mutanen Katsina da Kano da Zariya da Kaduna sun daɗe da amincewa da cewa a auna gwani da lamba, a kuma yi wa mai rauni rangwame. Manyan biranenmu kuma duk sun san filin sukuwa. A na Kaduna aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, shi ne yau ake kira Dandalin Murtala. A na Ikko aka sauke tutar Ingila a 1960, shi ne Dandalin Tafawa Ɓalewa.

Har yanzu sukuwa tana nan da ranta. Ana yin ta a Kano da Katsina da Zariya da Bida da sauran garuruwa, dawaki da mahaya suna zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, ana raba su rukuni-rukuni gwargwadon irinsu da ƙarfinsu, ana kuma cin kyaututtuka masu tsoka. Masu shirya wasan da masu barga sun san dawakinsu ciki da waje. Matsalar ita ce wannan sani yana cikin kawunan mutane ƙalilan, ba ya fitowa fili. Ɗan kallo zai biya kuɗin mota ya zo, ya sha rana da ƙura, ya koma gida da hoton bidiyo a waya. Bidiyon da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp zai nuna maka wanda ya riga isowa, amma ba zai gaya maka nauyin da ya ɗauka ba, ko shekarunsa, ko abin da ya yi a watan jiya.

Dokin sukuwar da kowane ɗalibin Hausa ya sani shi ne Ɗanfilinge, saboda waƙar Dokin Iska da Ibrahim Narambaɗa ya yi masa. Waƙar ta raya sunansa fiye da rabin ƙarni, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai aikin mawaƙi yabo ne, awo kuwa aikin marubuci ne. Da a ce a gefen waƙar akwai littafin da ya jera tserensa ɗaya bayan ɗaya, da nisa da nauyi da abokan karawa, da mai nazarin waƙar ma ya ƙaru, domin zai iya raba kambamawa da tarihi. Mawaƙan sun yi nasu, mu masu alƙalami ne ba mu yi namu ba.

Wanda Rashin Rubutu Yake Cuta

Na farko shi ne ƙaramin mai doki. Mutumin da ke da doki ɗaya a turke, yana ciyar da shi harawa da dusa da gumin goshinsa, ba shi da bakin da zai ja da mai barga guda. Idan aka saka dokinsa a rukunin da ya fi ƙarfinsa, ko aka sauko da wani gwani cikin rukuninsa, da me zai kafa hujja? Rubutaccen sawu shi ne lauyansa.

Na biyu shi ne mahayi. Inda ba a kafa sikeli ba, kowane mai doki zai nemi mahayi mafi rashin nauyi, wannan kuwa yana tura mutane ga ɗora yara ƙanana a kan ingarma. Amma idan doka ta ce babu dokin da zai ɗauki ƙasa da kaza, ribar ɗora yaro ta ƙare, tun da dalma za a cike gurbin da ita.

Na uku shi ne amanar wasan kansa. Duk inda kyauta ta yi tsoka, sai an samu mai son zuciya. A 1984 a birnin Brisbane na Ostireliya, wasu sun sauya wani doki marar ƙarfi mai suna Fine Cotton da wani da ya fi shi, suka shafa masa rini da fenti don ya yi kama da shi. Ya ci tseren, amma asirinsu ya tonu nan take, da fentin ya fara zuba aka kuma nemi takardar da ta siffanta dokin na gaskiya. In da babu takardar, da dokin mai baki ya sake cin gudu.

Amsa Ga Masu Suka

Na san akwai masu cewa bin sawun doki ƙofar caca ce. Wannan suka tana da nauyi, bai kamata a yi wasa da ita ba, domin masallaci da coci duk sun yi hani ga caca, mun kuma ga yadda cacar ƙwallon ƙafa ta waya ke cinye kuɗin makarantar samari a Kafanchan da Zonkwa kamar yadda take yi a Kano. A biranen Nijar ma akwai rumfunan da ake sayar da tikitin caca a kan dawakin da ke tsere a Faransa. Za ka ga mutum a Maraɗi ya duƙufa a kan takarda yana nazarin jerin lambobin da Faransawa ke kira da kalmar da ke nufin kiɗa, wato matsayin da doki ya zo a tserensa na baya. Ya san sawun dokin da ke Faris, wanda bai taɓa gani ba, alhali na garinsu ba shi da takarda. Amsata ita ce, laifin yana ga cacar, awo kuwa ba shi da laifi. Sikelin mai nama da na ɗan damfara ƙarfe ɗaya ne. Kofin Duniya na Dubai da aka fara a 1996, da Kofin Saudiyya da aka fara a Riyad a 2020 da kyautar dala miliyan 20, duk an kafa su ne ba tare da teburin caca a filin ba, amma kowane doki da cikakken sawunsa a rubuce. Hasali ma, inda babu bayani a fili, nan ne ɗan caca mai kunne a barga ya fi samun damar cutar jama'a.

Wasu kuma za su ce rabon nauyi zalunci ne ga gwani, don me za a hukunta doki saboda ya iya gudu? Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Shahararren dokin nan Phar Lap ya ci Kofin Melbon a 1930 da kilo 62 da rabi, da aka ɗora masa kilo 68 a 1931 sai ya zo na 8. To amma ba wanda ya ce kowace sukuwa ta zama ta rabon nauyi. A bar wasu a matsayin na zakaru, inda za a tashi da nauyi ɗaya a ga wanda ya fi. Sannan nauyin kansa lambar girma ce. Wata goɗiya mai suna Makybe Diva ta ci wannan kofi sau 3 a jere, a 2003 da kilo 51, a 2004 da kilo 55 da rabi, a 2005 da kilo 58. Waɗannan lambobi uku sun fi kowane kirari bayyana ko ita wace ce.

Akwai kuma masu cewa doki a ƙasar Hausa al'ada ce da sarauta, lissafi zai kashe armashinsa. Ina ganin an haɗa abu biyu ne. Hawan salla da hawan daba ado ne da nuna biyayya, ba mai zuwa wurin da agogo. Sukuwa kuwa gasa ce, duk gasar da aka sa wa kyauta kuma tana bukatar shaida. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin da ba a ajiye sakamakonsa ba kuwa, gobe sai a sake musu a kansa.

Aikin Da Ke Gabanmu

'Yan'uwana ɗalibai, a nan ne maganar ta dawo gida. Kowace shekara muna rubuta kundin kammala digiri, da yawa daga ciki a kan batutuwan da aka riga aka tatse. Ga fage nan a buɗe. Kayan aikin ba su wuce littafi da biro da agogon waya da sikeli ba. A kowane tsere a rubuta kwanan wata, da fili, da nisa, da yanayin ƙasa, ko rairayi ce ko tsandauri ko taɓo. A rubuta sunan doki da launinsa da shekarunsa da mai shi da mahayinsa, da nauyi, da matsayin da ya zo, da tazara, da lokaci. Idan ɗalibi ɗaya ya riƙe Zariya, wani ya riƙe Kano, wani Katsina, wani Sakkwato, a shekara guda an samu littafin da masu shirya wasa za su iya dogara da shi wajen tsara share fage da babbar rana.

Ribar da harshe zai samu ba kaɗan ba ce. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin doki waɗanda yawancinmu ba mu taɓa furtawa ba. Akawal baƙin doki ne, kili fari, ga danda da bikili da hurde da gunya da aharas da bidi. Ga ragama da majayi da likkafa da ƙaimi. Ga sarautun Madawaki da Shamaki da Sarkin Zagi. Kalmar da ba ta da aikin yi mutuwa take yi a hankali. Amma ranar da aka ce dole a siffanta kowane doki a takardar shaidarsa kafin ya shiga fili, a ranar ce danda da hurde za su koma bakin aiki, a kuma tilasta mana mu je wurin tsofaffin 'yan barga mu tambaye su iyakar kowace kalma tun suna raye.

Inda babu kalma kuwa sai mu ƙirƙira, kuma mun ga an yi. Masu sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo ne suka ba mu mai tsaron gida da bugun kusurwa da bugun daga kai sai mai tsaron gida, yau yaro a gidan kallon ƙwallo a Samarun Kataf yana faɗarsu ba tare da ya san wani ne ya zauna ya tsara su ba. Ni na kawo sawu da share fage da rabon nauyi. Wanda yake da waɗanda suka fi su daɗi a baki, ya kawo, wannan mujalla fagen muhawara ce.

Kammalawa

A taƙaice, na yi ƙoƙarin nuna cewa babbar sukuwa a kan ƙanana take tsayawa, ƙananan kuma a kan rubutu. Na nuna cewa rabon nauyi tunani ne da fatake da 'yan ƙwallon dawaki suka riga suka sani, cewa rashin rubutu yana cutar ƙaramin mai doki da mahayi da amanar wasa, kuma cewa tsoron caca bai isa ya hana mu awo ba. Daga ƙarshe ina kira ga masu shirya sukuwa da su kafa sikeli a kowane fili, su kuma riƙa manna sakamako a inda kowa zai gani. Ina kira ga jaridu da gidajen rediyon Hausa da su ba wannan sakamako ko da ɗan gurbi ne a shafin wasanni. Ina kuma roƙon malamanmu na wannan sashe da su amince wa ɗalibi ko da ɗaya ne a bana ya ɗauki filin sukuwa a matsayin fagen bincikensa. Idan aka yi haka na shekara biyar, ɗan Zangon Kataf da ɗan Daura za su iya zama a kan tabarma ɗaya su yi gardamar doki, kowa ya buɗe shafi ya nuna hujjarsa.